Layi a Wuyan Gaggafa

Tun da na dawo daga Garwa ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya kawo riga a zana masa a rumfata da ke bakin kasuwar Lafiya sai ya nemi benci ya zauna, wai in ba shi labarin Kamaru. Audu mai shayi har yaɗawa yake cewa aure na je nema aka hana ni, shi ya sa na dawo a rame. Na gaji da maimaitawa, kuma akwai wuraren da in na iso su a labarin muryata takan ƙi fita a gaban mutane. Shi ya sa na zauna na rubuta, wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa.

Kowa a unguwarmu ya san mahaifina, Malam Idi, da abu biyu: sayar da yadi da kiran salla. Ni ma iya abin da na sani ke nan har daminar 1988, lokacin da ciwo ya kwantar da shi. Ƙafafunsa suka kumbura, ganinsa ya yi rauni. Amma abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ya daina cin abinci, ya daina barci, kuma mun ga alama ba ciwon jikin ne kaɗai ke cinsa ba. Wata safiya na kai masa kunu, ya sallami matan gida, ya ce in zauna kusa.

Ashe kafin ya yi aure ya yi wa wani Bature aiki, ma'aikacin gandun daji da ke yawo tsakanin Doma da Kwandere. Baturen yana da wani akwati cike da tsofaffin hotunan tsuntsaye da ya gada wurin kakansa, an buga su a takarda tun Turawa ba su shigo ƙasarmu ba, aka bi su da launi da hannu. Dukkansu masu farauta ne, babu mai cin tsaba ko ɗaya. Wata rana ya tarar da Baba yana kwaikwayon ɗaya da gawayi a jikin bango, maimakon faɗa sai ya ba shi takarda da launi. Daga nan maharba suka riƙa kawo tsuntsaye Baba yana zana su. Da Baturen ya bar aiki ya tafi Garwa, Baba ya bi shi. Can zazzaɓi ya kashe shi a gidan limaman coci da suka yi jinyarsa, akwatin ya zauna wurinsu da zanen Baba a ciki, Baba ya dawo gida bai sake zana komai ba.

"Sule," in ji shi, "ka san abin da malamai ke faɗa. Wanda ya zana mai rai, gobe za a ce ya busa masa rai. Ni da me zan busa?"

Na ce, "Haba Baba, abin da ka yi da ƙuruciya? Shekara nawa kana tashin mutane salla? Allah mai gafara ne."

Ya ce, "Na sani. Amma suna can. Ina rufe ido ina ganin su suna kallona."

Ya riga ya tambayi limamin unguwarmu a asirce. Liman ya ce masa in aka ja layi a wuyan hoto, aka raba kai da gangar jiki, ya fita daga siffar mai rai. Wannan maganar Baba ya riƙe. Ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya ciro alƙalaminsa na kara da ƙaramin kurtun tawada ya danƙa mini. Ya ce in je Garwa in ja wa tsuntsayen layin, amma nasa kaɗai zan taɓa, zan gane su domin ya rubuta sunan kowane tsuntsu da ajami a ƙasa. Na Bature ba ruwana da su.

Ba zan ɓoye ba, raina ya ɓaci. A ce in bar mahaifina a kwance in tafi wata ƙasa neman akwatin da ƙila gara ta cinye tun ban zo duniya ba? In na dawo na tarar an binne shi fa? Amma na dubi fuskarsa na ga tsoro irin wanda ban taɓa gani a gare shi ba. Na karɓi alƙalamin.

Na bi ta Makurɗi, na haye Binuwai a kan gada, daga can na sami motar Wukari. Wata mata mai fataucin doya ta zauna kusa da ni, ta cinye rabin kujerata ba ko sannu. Da ta ga na rungume jaka a ƙirji ta ce, "Oga, wannan bag naka zinari ne a ciki? Ajiye shi ƙasa mana, motan nan ba zai gudu da shi ba." Na ce saƙon mara lafiya ne. Nan take ta sauya, ta matsa ta ba ni wuri, ta ɓare dafaffiyar gyaɗa ta zuba mini a hannu. Har muka rabu ba ta tambaye ni wane irin saƙo ba ne, sai da za ta sauka ta ce, "Allah ya sa ka same shi da rai." Maganar ta bi ni har Yola.

Tsakanin Wukari da Jalingo ruwan sama ya cinye wani kwalbati, muka tarar da motoci jere. Direbanmu ya ce kowa ya sauka a tura ta gefen gona. Muka tura, taya ta watsa mana laka har kunne, motar ta fita, direban ya wuce can gaba ya tsaya yana mana hon kamar mu ne muka ɓata masa lokaci. Da ba saƙon Baba a hannuna, da ranar na gaya masa maganar da ba zai manta ba. A Yola na kwana a shagon wani tela da na taɓa yi wa zanen riga, washegari na kama hanyar Gurin, inda iyakar take.

Ma'aikatanmu ba su tsayar da ni ba sosai. Na can ne suka zazzage jakata a kan tebur. Jandarma suke ce musu, ga gajeren gashin baki ga hula a karkace. Ɗaya ya ɗauki kurtun tawada ya buɗe ya sansana, ya tsoma yatsa ya lasa, ya yamutsa fuska. Ya yi mini Faransanci, na yi masa Hausa, ya koma Fillanci, na koma Turancina na firamare, kowa na kallon ɗan'uwansa. Sai da wani tsoho mai goro ya zo ya ce masa tawadar allo ce sannan ya mayar mini, ya buga hatimi a takardata. Abin da ban lura ba, bai toshe bakin kurtun da kyau ba. Muna tsakiyar kogin Faro a kwalekwale na ji sanyi a cinyata. Ko da na duba, tawadar Baba duk ta tsiyaye a farar rigata. Mutane suka yi ta dariya, ni kuwa hawaye ne ya cika mini ido, domin da hannunsa ya dama ta tun yana da lafiya.

A Garwa na nemi unguwar Hausawa, aka kai ni gidan wani dattijo mai saukar baƙi, Alhaji Bappa. Bai tambaye ni sunana ba sai da na ci abinci. Tuwon masara ne da miyar yakuwa mai tsami da kifin Binuwai, wato kogin nan dai da na haye a Makurɗi shi na sake tararwa a bayan garinsu. Da safe kuwa burodi suke ci, dogo kamar sanda, mai tauri. Mutum ya saƙale shi a hammata tsirara ba takarda, ya bi titi yana gaisawa da jama'a, ya je gida a ci. Mu nan ko ƙosai ba a miƙa maka haka. Kuma suna da yawan musabaha: wanda kuka gaisa da shi da safe, in kun haɗu da hantsi sai ya sake miƙo hannu.

Alhaji Bappa ya san gidan limaman cocin, ya kwatanta mini. Na isa rana tsaka na tarar da ƙofa a rufe. Ashe al'adarsu ce, da rana ta take kowa ya rufe ya je ya kwanta, ofis da kanti har da masu gyaran keke. Na zauna gindin wani mangwaro ina ƙuna, ina tunanin Baba yana can yana jira ni kuwa ina gadin barcin mutane. Sai wajen la'asar wani tsoho baƙi siriri ya buɗe ƙofa, sanye da farar doguwar riga da silifa. Shi ne babban gidan, Fada Matiyas. Yana jin Hausar kasuwa, irin wadda ba ta raba mace da namiji, kamar dai ta wasu mutanenmu na nan.

Da na ambaci Bature da akwati sai ya tsaya ya dube ni da kyau. Ya ce, "Kai ɗan Idi ne? Na ji sunan shi wurin tsofaffi. Na ɗauka ya mutu tuntuni." Ya ja ni wani ɗaki mai sanyi, ya buɗe akwatin ƙarfe, warin maganin asu ya bugi hancina.

Na Bature ne a sama. Takardun sun yi ruwan ƙasa, da ɗigo-ɗigon tsufa a gefe, amma launin yana nan kamar jiya aka shafa. Tsuntsayen ƙasarsu ne, wasu da gashi har yatsun ƙafa. Kowanne a tsaye kan reshe ko dutse, ya juya gefe, ido ɗaya waje, wani ya danne zomo da ƙafa. Fada ya ce da allura aka karce su a farantin ƙarfe kafin a buga. Ni mai zane ne, na san wahalar layi, na duƙa na ga gashin fiffike ɗaya bayan ɗaya, na ce lalle waɗannan mutane ba su da wani aikin yi sai wannan.

Sai ya ɗaga wani kwali, na Baba suka bayyana. Takardar ta fi siriri. A ƙasan na farko an rubuta shirwa da ajami, kuma tun kafin in karanta na gane hannun, domin shi ne ya rubuta mini allona na fari. Ga shaho, ga mikiya, ga ungulu da wuyanta a tsige, ga mujiya. Na Bature suna tsaye ne kamar an ce kada su motsa. Na Baba kuwa shirwar ta karkata kai daidai yadda take yi in ta hango ɗan tsako a tsakar gida. Na bi lanƙwasar fiffiken da ido na ga irin lanƙwasar da nake yi a wuyan riga, wadda mutane ke cewa ba mai yin ta sai ni. Na zauna a ƙasa ina kallonsu.

Na gaya wa Fada abin da ya kawo ni. Fuskarsa ta canza, ya mayar da kwalin ya rufe.

Ya ce, "Ɗana, tun ina saurayi ni ke korar gara daga wannan akwati. Kowane damina ina shanya su. Yanzu kai ka zo da alƙalami ka ce za ka yanka wuyan su?"

Na ce, "Ba ni na ce ba, mai su ne ya aiko ni."

Ya ce, "Je ka. Ka dawo gobe."

Na koma masauki raina a jagule. Rabin zuciyata na jin haushin tsohon, rabin kuwa, Allah ya sani, na fatan ya hana ni. Na faɗa wa Alhaji Bappa komai, har da tawadar da ta zube. Bai ce limamin unguwarmu ya yi daidai ko bai yi ba. Ya ce, "Tawada dai ba za ta gagare mu ba." Ya sa aka kawo tukunyar girki, muka kankare baƙin gindinta, ya jiƙa ƙaro, muka dama muka tace a tsumma. Ya gwada a bayan hannunsa ya ce ta yi.

Washegari da hantsi na tarar Fada ya riga ya ware na Baba gefe guda a kan tebur. Idanunsa sun nuna bai yi barcin kirki ba. Ya ce in zauna.

"Baban ka yana jin tsoro?"

Na ce, "Ya daina cin abinci."

Ya dubi takardun da ke kan tebur. Can ya ce, "Na zauna kusa da mutane da yawa lokacin mutuwa. Wanda ya tafi da tsoro, ba na iya manta fuskar shi. Ni a wurina waɗannan ba zunubi ba ne, yabon Allah ne. Amma ba ni na zana ba. Ni mai gadi ne, mai su yana da rai." Ya jawo shirwar ya danne gefen takardar da tafin hannunsa. "Yi siriri, don Allah."

Na tsoma alƙalami na yi bisimilla na ja. Ban taɓa yanka ko kaza da nauyin zuciya irin wannan ba. Ina gamawa ya ɗauke ya ajiye ta bushe, ya kawo na gaba, yana kau da kai duk lokacin da alƙalamin ya sauka. Haka muka yi ta yi, ɗaya bayan ɗaya. Ga limamin coci yana riƙe wa ɗan ladan takarda, dukkanmu biyu muna sharar hanci.

Ta ƙarshe gaggafa ce. Ita kaɗai Baba ya zana da fiffike a buɗe, baƙa wuluk, bayanta ja-ja, fuska da ƙafafu jawur, wutsiyar guntuwa. Ba gefe ta juya ba, kai tsaye take dubanka da ido biyu. Na kai alƙalami, na janye. Na sake kaiwa, tawada ta kusa ɗiga mata a ƙirji. Na ajiye na ce, "Fada, wannan ba zan iya ba."

Ya dube ni ya dubi gaggafar. Ya tashi ya nemo kwali biyu, ya sa ta a tsakiya, ya ɗaure da zare. Ya ce, "Kai wa mai shi. Ka ce wani tsoho a Garwa yana gaishe shi."

Dawowar ba ni da abin faɗa a kanta, domin ban ga hanya ba. Na san dai a kwalekwale na ɗora kwalin a ka, kuma jandarman nan ya buɗe ya gani, ya yi wata 'yar ƙara da baki, ya ɗaure mini da kansa, wannan karon da kyau. Da muka shigo Lafiya bayan azahar na sauka tun kafin tasha. Ina karyo kwanar gidanmu abin da na fara dubawa shi ne ko an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Babu tabarmi, sai awaki.

Na tarar da shi ya ƙara ramewa. Bai amsa gaisuwata ba ya ce, "Ka same su?"

"Na same su, Baba. Ba abin da ya taɓa su."

"Ka yi?"

"Na yi. Saura ɗaya."

Ya ce a fitar da shi haske. Na tallafe shi zuwa bakin ƙofar ɗaki, na jingina shi da bango, na kwance zaren. Ya ɗaga takardar ya kawo ta dab da fuskarsa, yana bin ta a hankali daga wannan fiffike zuwa wancan. Sai na ga abin da na manta rabona da gani, Baba yana murmushi.

Ya ce, "Ita ce. Sauran duk matattu aka kawo mini su. Wannan wani maharbi daga Adogi ya kawo ta da rai, fiffike a karye. Bature ya so a feɗe ta a cusa mata auduga, na roƙe shi ya bar mini. Ni na yi ta ba ta ɓeraye har ta warke. Ranar da na sake ta, sai da ta zaga gidan tana rangaji kafin ta tafi." Ya shafa ƙafar da babban yatsa. "Jan nan ya ɗan kwanta. Da ya fi haka."

Ya daɗe yana kallonta. Na ga yadda yake riƙe da takardar, na ce a raina ƙila ya fasa. Na ce, "Baba, ko a bar wannan? Guda ɗaya ce."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Ita ce ta fi zuwar mini. Kawo alƙalami."

Na kawo, na riƙe masa kurtu. Hannun nan da ba ya iya riƙe moɗa sai an tallafa masa, yana kama alƙalami ya tsaya cak. Ya ɗora takardar a gwiwa, ya yi bisimilla, ya ja layi daga wannan gefen wuya zuwa wancan, siriri kamar zaren ɗinki, bai karkace ba bai tsinke ba. Ya miƙo mini alƙalamin, ya jingina kai da bango, ya sauke numfashi. Hawaye na bin gemunsa. Can ya ce, "Sule, akwai sauran kunu?"

Ya sha ya ƙoshi ranar, ya yi barci har ana tashinsa salla. Na isar masa da gaisuwar Fada, ya ce Allah ya saka masa. Bai sake ambaton tsuntsaye ba. Ya rasu da aka fara girbin dawa, da rana, yana cikin magana da jikokinsa, kuma waɗanda suka yi masa wanka sun ce fuskarsa a sake take.

Gaggafar tana nan a ƙasan akwatina tsakanin kwalayen Fada. Mutum biyu ko uku na taɓa nuna wa, kowannensu abin da ya fara cewa shi ne, kash, wa ya ɓata wannan kyakkyawan abu? Su tsuntsuwar suke kallo. Ni in na buɗe, layin nake kallo, domin a duk rayuwata shi ne kaɗai zanen da na ga mahaifina ya yi da idona.